Tafin Maryama

Darasi na 23: Sanin tsirrai

Tsarabar Makka

Ranar litinin da safe wata ɗaliba ta zo makaranta da wani abu ƙunshe cikin tsumma. Kakarta ce ta dawo daga aikin haji. Ta kawo tsaraba: dabino, ruwan zamzam, tazbaha, turare da kwalli. Can ƙasan jakarta kuma aka tarar da wannan abu.

Yarinya ta kwance tsumma, ta ɗora abin bisa teburin malam. Yara suka miƙa wuya. Wani dunƙule ne busasshe mai launin ƙasa, bai kai dunƙulen hannun malam ba. Rassansa sirara ne masu tauri, duk sun lanƙwashe ciki kamar yatsun mai jin ɗari. A ƙasansa akwai saiwa guda mai kama da wutsiyar ɓera.

— Sheƙar tsuntsu ce! in ji wani yaro.

— Ina! Ƙaya ce iska ta kwaso, in ji wani.

Malam bai ce kome ba. Ya aika aka kawo kwano da buta. Ya sa dunƙulen cikin kwano, ya zuba ruwa har ya rufe shi, ya ce:

— Ku fiddo kaye, mu yi lissafi.

Ran nan lissafi bai shiga ba. Kowa idonsa yana wajen kwano. Da hutun ƙarfe goma, rassan waje sun fara sakin jiki. Kafin a tashi da rana, dunƙule ya buɗe sarai, ya baje cikin ruwa kamar tafin hannu da aka ware yatsunsa.

— Malam, ya yi rai! Ya yi rai!

— Ku matso ku duba da kyau. Kun ga ganye?

— A'a, Malam.

— Kun ga inda ya yi kore?

— Babu, Malam. Launinsa dai ya ƙara duhu.

— To, bai yi rai ba. Wannan tsiro ya mutu da daɗewa. Amma akwai masu rai a jikinsa. Ku dubi ƴan ƙananan kwanso da ke manne ga rassa. Iri ne a ciki, yana barci.

Sunansa da ƙasarsa

Larabawa suna ce wa wannan tsiro «kaffu Maryam», wato tafin hannun Maryama, saboda yadda yake dunƙulewa ya kuma buɗe. Mu ma da wannan suna za mu kira shi. Da faransanci ana ce masa «rose de Jéricho», furen Yariko. Yariko tsohon gari ne ƙwarai a ƙasar Falasɗinu, kusa da kogin Urdun da Tekun Gishiri. Masu ziyara daga Turai sun daɗe suna komawa gida da tsiron daga wannan yanki, sai sunan garin ya bi shi. Sunan nan yana ruɗin mutane, don ba shi da haɗi da furen da Faransawa ke kira «rose». Danginsa yana nan cikin garka: kabeji ne, wanda muke ce wa shu.

A shekarar 1753 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwed, Karl Line, ya rubuta shi cikin littafinsa da sunan Anastatica hierochuntica. Kalma ta fari daga girkanci ta fito, tana nufin tashi. Ta biyu tana nufin na Yariko. Ba a ce ku hardace su ba.

Tafin Maryama ɗan hamada ne. Ana samunsa cikin Sahara, tun daga Moritaniya da Maroko, a bi ta Aljeriya da Libiya, har Masar. Ana samunsa a Falasɗinu da Saudiyya, har can Iran da Pakistan. Ba kowane wuri yake fitowa ba cikin hamada. Ya fi son kwari, da bakin kori, da ƴan ramuka cikin tsakuwa, inda ruwa ke taruwa ya ɗan jima kafin ƙasa ta shanye.

Gajeren rai, doguwar jira

A galibin ƙasashen nan ruwan sama da ɗari yake zuwa, ba da damina kamar wajenmu ba. Kuma kaɗan ne. Wata shekara ma ko ɗigo ba a gani. Tsiron da ke son zama a irin wannan wuri, tilas ya yi sauri.

In ƙwayar iri ta jiƙe, sai ta fid da yauƙi kamar na kuɓewa, ta manne ga ƙasa. Ba ta ɓata lokaci: wani sa'i ko kwana guda ba ta kaiwa take tsira. Tsiron gajere ne, da wuya ya wuce santimetir 15. Rassansa tun daga gindi suke rabuwa, su bazu kusa da ƙasa. Ganyensa ƙanana ne, launinsu kore mai toka-toka, da gashi-gashi a kai. Yana yin fure fari ƙarami mai kunne huɗu. Fure ya kaɗe, kwanso ya fito, iri ya ƙosa a ciki. Duk wannan cikin ƴan watanni kaɗan ne. Da zafi ya shigo, ƙasa ta bushe, sai ganye ya zube, rassa su yi tauri kamar icce, su lanƙwasa ciki su rufe kwanson. Tsiro ya mutu ke nan.

Girmansa ga ruwa yake. Shekarar da aka yi yayyafi kawai, dunƙulen ba ya wuce kan babban yatsa, kwansonsa ƴan ƙalilan. Wanda ya fito bakin kori a shekara mai ruwa yakan yi kamar dunƙulen hannun babba, da kwanso masu yawan gaske.

Yanzu ku tuna da rumbun gidanku. Ana ɗaga shi bisa duwatsu, a rufe bakinsa, don kada ɓera da gara da tsuntsu su cinye hatsi. Dunƙulen nan rumbu ne. Da irin ya zube ƙasa da rani, da tururuwa da tsuntsaye sun kwashe shi, sauran kuma rana ta ƙone. Amma yana sama, cikin kwanso, cikin rassa. Yana iya yin shekaru a haka bai lalace ba.

Rumbun nan ba ya buɗe wa kowane ruwa. In yayyafi ne, rassa su ɗan motsa, rana ta fito, su koma su rufe. Wannan dabara ce babba, don irin da ya tsira da yayyafi ƙishirwa za ta kashe shi cikin kwana uku. Sai an yi ruwa mai ƙarfi, wanda ya jiƙa ƙasa sosai, rassa suke buɗewa duka. Sa'an nan ɗigon ruwa ya riƙa dukan kwanso, murfinsa ya ɓalle, iri ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Ko a ranar ma ba duka ke fita ba. Kwanson bakin rassa su ke fara buɗewa. Na tsakiya suna nan sai wani ruwan, wataƙila baɗi, wataƙila bayan shekara biyar. In shukar bana ta ƙone, akwai saura. Matacce guda yana iya shuka ƙasa sau da yawa.

Za ku ji ana cewa iska tana tumɓuke dunƙulen, tana gangara da shi cikin hamada har ya tarar da ruwa. Labarin yana da daɗi, kuma yakan faru jefi-jefi. Amma galibi saiwa tana riƙe shi inda ya tsira. Ƙarangiya tana hawan wandonku ku kai ta nesa. Tumfafiya tana ba ƴaƴanta auduga su bi iska. Tafin Maryama shi kusa yake zubarwa. Inda uwa ta samu ruwa har ta yi ƴaƴa, nan ruwa zai sake taruwa.

Matacce yana motsi?

Kun san ƙyauren katako. Da rani yana rufuwa ba wuya. Da damina sai an sa kafaɗa, don katako ya sha laima ya kumbura. Katakon nan ba rai gare shi ba, amma ya canza.

Haka rassan tafin Maryama suke. Kowane reshe yana da gefen ciki da gefen waje. In ya sha ruwa, gefen ciki ya fi kumbura, ya fi ƙara tsawo, sai reshe ya miƙe. In ya bushe, gefen ciki ya fi tsukewa, sai ya ja reshe ya lanƙwasa. Shi ya sa ana iya jiƙa shi a shanya, a jiƙa a shanya, shekara da shekaru, yana buɗewa yana rufewa.

Daga hamada zuwa kasuwa

Abin mamaki ba ya rasa mai saye. Ana sayar da tafin Maryama a kasuwannin Makka da Madina, da Alƙahira, da Ƙudus, da garuruwan Maroko, wajen masu kayan ƙamshi da saiwoyi. Ana kai shi Turai, inda akwai kantuna masu sayar da busassun furanni don ado. Turawa suna sa su cikin tulu a ɗaki, ko su ɗaura su a rataye jikin bango. Busasshen fure ba ya son ban ruwa, ba ya yaushi, yana jure doguwar tafiya cikin mota da jirgi. Yau har ta intanet ake cinikinsa.

Mafi yawan wanda ake sayarwa daga daji ake tsinto shi. Mai tsinta yana jira tsiro ya bushe sarai, ya dunƙule da kansa. Ɗanye in an cire shi, irinsa bai ƙosa ba, kuma ba ya yin kyan siffa. Ana tumɓuke shi da guntun saiwarsa, a kaɗe rairayi a hankali. A gida sai a ware: manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban, masu karyayyun rassa a fid da su. Ana zuba su cikin kwali ko buhu, ba a dannawa, ba a zama a kai. Babban abokin gabansu laima. In ruwa ya shiga buhu, duk su buɗe, su sarƙe da juna, su yi funfuna. Kayan sun lalace.

Wani yaro ya ɗaga hannu.

— Malam, ashe kuɗi ne zube a daji! Ba wanda ya shuka shi. Ni da a can nake, da buhu zan tafi in kwashe duka.

— Babanka yana noman hatsi?

— Yana yi, Malam.

— In ya girbe, duka yake kaiwa kasuwa?

— A'a, Malam. Yana ajiye iri.

— Wace zangarniya yake ajiyewa?

— Wadda ta fi tsawo, ta fi cika. Ba mai taɓa ta, ko da yunwa.

— To, ka ga inda matsalar take. Mai saye manyan dunƙule yake so, su suka fi kuɗi. Mai tsinta kuwa su yake fara ɗauka. Amma su ne suka fi iri. Babanka yana ajiye mafi kyau ya sayar da saura. Mai tsinta yana sayar da mafi kyau ya bar marasa ƙarfi. Kuma ba irin shekara guda ya ɗauka ba, rumbun ne ya ɗauke gaba ɗaya. In ka kwashe kori guda tas, ko an yi ruwa baɗi, me zai fito?

Yaro ya sunkuyar da kai.

— Ba kome, Malam.

Saboda haka mai tsinta mai hankali ba ya share wuri. Yana barin wasu manya a tsaye, kuma ba ya komawa kori guda kowace shekara. Wahalar ita ce, daji ba na mutum guda ba ne. Abin da ka bari, na bayanka yana iya ɗauka. Sai in mutanen wurin sun yi shawara sun tsai da magana guda.

Akwai wata hanya: a shuka shi. Ba shi da wuya. Ana jiƙa dunƙule ya buɗe, a shimfiɗa farin ƙyalle, a zuba masa ruwa daga sama kamar ruwan sama. Irin da ya faɗo bisa ƙyalle sai a shuka nan da nan, don ya riga ya jiƙe. Ƙasarsa rairayi ce da aka garwaya da ƴar ƙasar garka, wadda ba ta riƙe ruwa. Ba a binne iri da zurfi. Yana son rana, ba ya son inuwa. Tun da danginsa shu ne, kuma a ƙasarsa da ɗari yake tashi, lokacin noman rani ya fi dacewa da shi. Ana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kada gindinsa ya zauna cikin caɓi ya ruɓe. In kwanso ya cika, sai a tsai da ban ruwa ɗungum. Nan masu tausayi ke kuskure, su ci gaba da zuba ruwa. Ƙishirwa ce ke dunƙule shi. In ya bushe ƙayau, a tumɓuke, a ware na kasuwa, a ware na iri.

Mai suna iri ɗaya daga Meksiko

Wanda ya sayi «rose de Jéricho» a kantin Turai, sau da yawa ba tafin Maryama aka ba shi ba. Wani tsiro ne daban daga nahiyar Amurka, daga hamadar Ciwawa, wadda ke arewacin ƙasar Meksiko har ta shiga Teksas. Mutanen can suna ce masa «doradilla». Masana suna ce masa Selaginella lepidophylla. Bisa duwatsu yake fitowa. Ba ya fure, ba ya iri. Da wata ƴar ƙura mai laushi yake yaɗuwa.

Shi wannan, in yana wurinsa da saiwarsa, ba mutuwa yake yi da rani ba. Kusan duk ruwan jikinsa yakan fita, ya naɗe kamar gammo, ya jira. Yana da wani irin sukari a jikinsa mai taimaka masa kada bushewa ta lalata shi. In ruwa ya zo, cikin ƴan awowi ya buɗe ya yi kore. Ga yadda za ku bambanta su: na Meksiko yana da laushi kamar gashin tsuntsu, yana yin kore, tafin Maryama icce ne tsirara, ba ya canza kama.

Shi ma daga daji ake cire shi, kuma girmansa a hankali yake. A shekarar 1996 gwamnatin Meksiko ta kafa ƙa'ida kan yadda za a riƙa cire doradilla, da ɗaukarsa, da ajiyarsa.

Saƙon kaka

Da za a tashi, mai tsaraba ta matso kusa da malam, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

— Malam, kaka ta ce in maido shi da marece. Innata ƙarama tana da tsohon ciki. An ce in naƙuda ta zo za a jiƙa mata ta sha.

Wannan al'ada tsohuwa ce, kuma tana ƙasashe da yawa. Ana sa dunƙulen cikin ruwa kusa da mai naƙuda, ana fatan ta sauka lafiya kamar yadda ya buɗe. Kallonsa ba ya cutar da kowa. Shan ruwansa wani abu ne daban. Dunƙulen ya sha ƙura a daji, ya kwana cikin buhu, ya bi hannuwa a kasuwa. Kuma abin da ke fita daga jikinsa ya shiga ruwa, ba mai auna yawansa. Mai ciki ba ta shan magani, na asibiti ko na gida, sai da sanin likita ko ungozomar asibiti. Abin da ya fi haɗari shi ne jinkiri: a zauna gida ana jiran tsiro ya yi aiki, naƙuda tana tsawo, uwa da jariri suna galabaita.

Malam ya ce:

— Ki gai da Hajiya. Ki ce mata bayan la'asar zan zo in yi mata barka da sauka. Maganar nan ni da ita za mu yi, ba ke za ki kai ta ba.

Sai ya ɗauki buta, ya ɗaga ta sama, ya tsiyaya ruwa bisa buɗaɗɗun rassa. Ya fid da tsiron, ya ɗora bisa taga. Yara suka leƙa kwano. Can ƙasa, cikin ƴar ƙura, ga ƙwaya biyar, kowace ba ta kai ƙwayar hatsi ba.

— Wa zai kawo rairayi daga kori? in ji malam.

Hannuwa duka suka tashi.

Kalmomi

tsiro: la plante
saiwa: la racine
reshe: la branche
kwanso: la gousse
iri: la graine, la semence
rumbu: le grenier
hamada: le désert
laima: l'humidité
funfuna: la moisissure
busassun furanni: les fleurs séchées

Mu amsa

1. Da tsiron ya buɗe, yara sun ce ya yi rai. Da me malam ya nuna musu kuskurensu?
2. Don me dunƙulen ba ya zub da iri in an yi yayyafi?
3. Wace zangarniya manomi ke ajiyewa? Wane dunƙule mai tsinta ke fara ɗauka?
4. Yaushe ake tsai da ban ruwa, kuma don me?
5. Ta yaya za ka bambanta tafin Maryama da doradilla?
6. Me ya sa malam ya ce shi da kansa zai je wajen Hajiya?

Lissafi

A ce wani mai tsinta ya tarar da dunƙule 120 a bakin kori. Ya bar kashi ɗaya cikin uku don iri. Nawa ya ɗauka? A hanya guda 8 sun karye. Ya sayar da sauran, kowane dala 20. Dala nawa ya samu?

En français

Recopie et complète: La rose de Jéricho pousse dans le ... . Quand il pleut, ses ... s'ouvrent et les ... tombent.

Aikin gida

Ka tambayi manyan gidanku wane icce ko haki ne ake samu da yawa a dajinku lokacin ƙuruciyarsu, wanda yanzu sai an yi tafiya mai nisa. Ka rubuta sunansa cikin kaye, da abin da ake yi da shi, ka kawo ranar litinin.